Amsar tambayarki kan lasa wa jariri zuma

Wa alaikumus salam ɗiyata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, nace bazan amsa miki a tsaitsaye ba gara in zauna in rubuto miki a tsanake tunda maganar ba ta layi biyu bace. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka, ke kuma ya baki lafiyar shayarwa.

Kince uwar mijinki ta kawo zuma a 'yar kwalba tace a dinga lasa wa yaron kullum da safe, wai haka aka yi wa ubansa kuma haka ake yi tun kaka da kakanni, ke kuma a asibiti an ja miki kunne kar ki bashi komai sai nono, kin rasa wa zaki bi. Sannan kika haɗo min da maganar maigidanki da ya daina siyan sukari yana ta tuttula zuma a shayi safe da yamma wai ita bata illa, da kuma zumarku da ta daskare a kwalba kina zargin ta bogi ce. Toh da ta yaron zan fara don ita ce bata jira.

Kar ki bashi. Ko ɗigo, ko a kan yatsa, ko an dama da ruwan ɗumi, har sai ya cika shekara ɗaya cif. Kuma kar kiyi zaton na raina al'adar ne, ni kaina na lasa wa ɗana na fari, da hannuna na tsoma ɗan yatsa na goga masa a dasashi yana ta motsa baki kamar ɗan tsako muna dariya, a lokacin ba wanda ya san da wata matsala, ya kuma tashi lafiya lau gashi can da nasa iyalin. Amma wanda ya tsallaka titi ido rufe mota bata buge shi ba ai ba za a ce kowa ya rufe ido ya bi shi ba.

Ga abinda yake faruwa. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Clostridium botulinum, a ƙasa take zama da cikin ƙura, in ta ga wuri bai mata ba sai ta dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta shiru kamar irin shuka da ke jiran damina, to irin waɗannan ne sukan shiga zuma jefi jefi. Ni da ke in muka sha ba abinda zai same mu saboda hanjinmu cike yake da nasa ƙwayoyin masu amfani da basa bari baƙuwa ta samu wurin tsayawa, haka zata wuce. Shi kuwa jariri hanjinsa sabo ne fili ne fetal, sai ta tsiro a ciki ta fara fitar da dafi mai kashe jijiyoyi. Yaro ya daina kashi kwana da kwanaki, ya kasa jan nono da ƙarfi, kukansa ya koma ƙasa ƙasa, fatar idonsa ta dinga saukowa, ki ɗaga shi kiji wuyansa ya saki kamar tsumma, in abin yayi nisa har numfashi yake taɓawa. Sai a 1976 likitoci a Amurka suka gane wannan ciwon na jarirai suka bashi suna, kinga kenan kakanninmu basu da yadda za suyi su sani, yaron da ya kamu sai dai ace wani abu ne daban. Ba kowace kwalba ke ɗauke da ita ba, ciwon ba mai yawan faruwa bane gaskiya, amma ba ido ba hanci da zai gane miki wace kwalba ce, kuma tafasawa irin ta gida bata kashe ta. Amfanin me yaron zai samu da zai sa a saka shi a wannan cacar? Nononki ya ishe shi komai har wata shida.

Na san za a kawo miki maganar addini, don haka ki riƙe wannan. Tahnikin da ya zo a hadisai da dabino ne Manzon Allah (SAW) yake yi wa jarirai, ya tauna ya goga musu a ganɗa. Ita zuma kuwa Allah ya yabe ta a Suratun Nahli aya ta 69 yace a cikinta akwai waraka ga mutane, ba musu a kan wannan, kuma akwai hadisin mutumin nan da yazo yace ɗan uwansa na fama da ciki aka ce ya shayar da shi zuma. Amma magani ai da wanda ya dace da shi da kuma lokacinsa, ko naman da yafi kowanne kyau ba a tura wa ɗan kwana goma.

Ita kuma surukarki don Allah kar ki tsaya kina mata bayanin likita kina ɗaga waya kina nuna mata, ba zata ji ba sai dai taji kin mata rashin kunya, alhali ƙauna ce ta sa ta ɗauko kwalbar. Ki karɓa hannu bibbiyu kiyi godiya, ki sha a gabanta ma, mai shayarwa zuma bata mata komai kuma abin baya bi ta nono. Maganar hana yaron kuwa ki bar wa ɗanta, shi zai faɗa mata a cikin raha ta karɓa, kuma yace mata ranar da jikanta ya cika shekara ita zata fara lasa masa da hannunta. Sai dai ki sa ido in zaki shiga wanka kin bar shi a hannun mutane, na san halinmu tsofaffi.

Al'adar nan fa ba a banza ta samo asali ba kuma ba mutanen wuri ɗaya ke yinta ba. A wani kogo a yankin Balensiya na ƙasar Sifen akwai zanen mutum ya hau yana ɗiban zuma ƙudaje na zagaye shi, masana sun ce ya kai shekara 8,000. Misirawan da can sun rubuta ta a takardunsu na magani sama da shekara 3,000 baya, suna shafa ta a rauni. Kafin sukari ya yi arha ya shiga kowane gida ita ce zaƙin duniya, sai a 1747 ma wani Bajamushe ya gano ana iya fitar da sukari daga wani irin gwoza. Abinda sai an sha harbi ake samunsa, cokali ɗaya sai baƙo na musamman ko marar lafiya, dole uwa taso ya zama shi ne farkon abinda ɗanta zai ɗanɗana.

Kuma wallahi in kika san wahalar da ke cikin cokali ɗaya sai kin girmama ta. Ƙudan zuma ɗaya duk tsawon rayuwarsa abinda yake tarawa bai wuce kashi ɗaya cikin 12 na ƙaramin cokalin shayi ba. Ruwan fure suke tsotsowa tsararo, su haɗa da sinadarin jikinsu, su zuba a saƙa, su tsaya suna ta fifita da fukafukai har ruwan ya ƙone ya rage kamar kashi 17 ko 18 cikin ɗari, sannan su liƙe bakin da kaki. Wannan ƙarancin ruwan, da ɗan tsamin da ke cikinta wanda zaƙi ya rufe ba kya jinsa, da wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta da take fitarwa kaɗan kaɗan in ta haɗu da laima, su ne suka sa bata ruɓewa in an rufe ta da kyau, da tsohuwar zuma ake magani ai ba faɗa kawai bace. Shi yasa ma asibitoci ke da tasu ta gyaran rauni da ƙuna, da yawanta daga zumar furen bishiyar manuka ta ƙasar Niyuzilan, amma ita an tsabtace ta ta musamman, ba wai ki ɗauko ta kicin ki zuba a babban rauni ko ƙafar mai ciwon suga ba, wannan na asibiti ne. Ido kuma kar ki bari kowa ya ɗiga miki ita ko da me zai rantse.

Inda ni na fi yarda da ita shi ne tari. Yaro da ya haura shekara ko babba, mura ta kama shi maƙogwaro na ƙaiƙayi ya hana kowa barci, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu kafin kwanciya, haka nan ko a ruwan ɗumi, sai kiji tarin ya lafa. A 2018 hukumomin lafiya na Ingila da kansu suka ba da shawarar a fara gwada zuma a irin wannan tarin maimakon a ruga neman antibayotik. Lafawa nace fa, in tari ya wuce sati uku ko da zazzaɓi mai zafi ko numfashi na sarƙewa a tafi asibiti.

Yanzu maigidanki. Kice masa gwaggo na gaishe shi kuma tace ya rage hannu. Zuma kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, jiki bai san wai daga fure ya fito ba. Babban cokali ɗaya nata yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 64, na farin sukari bai kai 50 ba, saboda ita tafi nauyi a cokali. Ribar da ke cikinta ita ce tafi sukari zaƙi a baki, ga ƙamshi, don haka rabin abinda ya saba zubawa ya ishe shi, in yayi haka ya ci riba, in kuma cokali uku yake narkawa a kofi ɗaya wai magani yake sha to kansa yake lasa wa zuma a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce sukarin da babba zai ƙara a abinci a yini kar ya wuce kamar ƙananan cokula 12, in ya iya tsayawa a 6 ma yafi, kuma ta ambaci zuma a cikin lissafin ƙarara. Su bitamin da ake ta kururutawa akwai su amma ɗan mitsitsi ne, kafin ki samu na kirki sai kin sha abinda zai miki illa, mai duhun ce dai ta ɗan fi farar sinadaran kare jiki. Mai ciwon suga kuwa tana ɗaga masa suga, ɗan bambancin da ke tsakaninta da sukari bai kai ya saki jiki ba, na sha ganin masu cewa sun bar sukari sun koma zuma awonsu na ta hawa suna mamaki. Haƙori ma tana cinsa, in an ba yaro da dare a wanke masa baki.

Daskarewar kuma ki kwantar da hankalinki, halin zuma ne, ɗaya daga cikin sukarin da ke cikinta ne yake haɗewa ya zama tsaki tsaki musamman lokacin sanyi, wata ta daskare cikin sati kaɗan wata ta shekara tana zuba, ya danganta da furen da aka tsotso. Na taɓa kusa zubar da kwalba guda saboda haka, tayi fari ƙasa ƙasa cokali na tsayawa a ciki, ashe ita ce mai kyan. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi wanda hannunki zai iya jurewa ki barta ta narke a hankali, kar ki ɗora a wuta ƙamshin zai gudu. Ta bogi dai akwai ta sosai, ko Tarayyar Turai da ta gwada samfuri 320 na zumar da ake shigar musu ta fitar da rahoto a 2023 cewa kashi 46 cikin ɗari ana zargin an haɗa su da ruwan sukari, kuma gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da ake yawo da su a waya ba abin dogaro bane, masu algus sun riga kowa sanin su. Ki samu mai kiwon da kika amince da shi ki riƙe shi, in da hali ki siya da saƙarta. Ki dinga rufe murfin gam kuma kar a tsoma jiƙaƙƙen cokali, ruwa na shiga zata fara kumfa tayi tsami.

Ki shafa min kan angon nawa, ki turo min hotonsa in yana farke, wancan da kika turo barci yake ban ga idonsa ba.