Global 7500 ko Falcon 8X?

Alhaji, ka tambaye ni wane jirgin sama na alfarma ya kamata ka saya tsakanin Global 7500 na kamfanin Bombardier da Falcon 8X na kamfanin Dassault. Global 7500 yana iya cin kilomita fiye da 14,000 bai sauka shan mai ba, kuma cikinsa ya kasu gida huɗu har da ɗakin kwana, shi ya sa masu zirga-zirga tsakanin Amurka da Asiya suke son sa. Falcon 8X mai inji uku bai kai kilomita 12,000 ba, amma ya fi sauƙin sauka a gajeren titi kuma bai kai wancan shan mai ba. In ba ka yawan ƙetare Tekun Fasifik, Falcon nake ba ka shawara, muddin akwai ƙwararrun injiniyoyinsa kusa da inda za ka ajiye shi.