Allurar G-CSF da dashen ɓargo: me take yi, me ba ta yi?

Tambaya: Likita, ƙanena na fama da kansar jini, an ce za a yi masa dashen ɓargo, kuma nawa ne ya dace da nasa. An gaya mana ni da shi duk za a yi mana wata allura, G-CSF. Ita ce za ta sa dashen ya ɗore?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. G-CSF sinadari ne da jiki ke yi da kansa don ya sa ɓargo ya ƙara fitar da fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Wanda ake haɗawa a kamfani, filgrastim, tun 1991 aka amince da shi a Amurka.

Ke za a yi miki ita kwana huɗu zuwa biyar, uwayen ƙwayoyin jini su baro ɓargo su shigo jijiya, na'ura ta tace su. Ciwon ƙashi da ciwon kai za ki iya ji, sukan wuce bayan an daina.

Shi kuwa bayan dashe zai yi kamar mako biyu ko uku ba garkuwa, ɗan zazzaɓi ma abin tsoro ne. Allurar kan rage 'yan kwanaki daga wannan jira, kuma ban raina su ba. Amma idan aka duba marasa lafiya bayan shekaru, ba a ga ta ƙara yawan waɗanda suka rayu ba. Abin da ya fi nauyi shi ne dacewar ɓargonku, da ko cutar ta lafa kafin dashe, da shekarunsa.

Wurin da nake so ki natsu shi ne inda za a ɗebo ƙwayoyin: ko daga jijiya bayan allurar, ko kai tsaye daga ɓargon ƙashin ƙugu. Waɗanda allura ta koro cikin jini sun fi saurin kamawa, amma suna tahowa da mayaƙan garkuwarki masu yawa, waɗanda kan juya su yaƙi fatarsa, idonsa, bakinsa ko hantarsa, wani lokaci shekara da shekaru. Wani babban bincike da aka wallafa a 2012, kan dashe daga waɗanda ba dangi ba, ya samu wannan matsala a kashi 53 cikin ɗari na masu ƙwayoyin jijiya, da 41 na masu ɓargon ƙugu. Rashin kamawar dashen kuwa kashi 3 ne a masu ƙwayoyin jijiya, 9 a masu ɓargon ƙugu. A wajen rayuwa bayan shekara biyu, babu wani bambancin a zo a gani. Shi ya sa likitocinsa za su auna da irin cutarsa, don mayaƙan nan suna kuma kashe ragowar ƙwayoyin kansar.

Ki tabbata an yi miki gwajin jini na sikila tukuna. Mai sikila ba a yi masa wannan allura, tana tayar da ciwon sosai, har an rasa rai. Idan AS ce ke, galibi ba matsala, amma ki faɗa musu tun ranar farko.