Farashi ɗaya a kowane shago: amsa ga mai son sayen regileta

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka zaga shagunan kayan nutso a nan Amurka, regiletar da kake so, wato na'urar da mai nutso ke shaƙar iska da ita a ƙarƙashin ruwa, kuɗinta ɗaya ko'ina, amma ka ga wani a intanet ya karya farashi sosai, ko dilolin ne suka haɗa baki? Ba su ba ne. Kamfanin ne ya ɗaure su.

Manyan kamfanoni irin su Scubapro da Aqua Lung ta hannun dilolin da suka amince da su suke sayar da kaya, kuma dila yana sa hannu kan sharuɗɗa. Ɗaya daga ciki shi ne abin da suke kira MAP, wato akwai farashin da ba zai tallata ƙasa da shi ba. Ya saɓa, a daina ba shi kaya. Shi ya sa wani shafin ba ya nuna maka kuɗin sai ka jefa kayan cikin kwando, dabara ce ta cewa ai ba talla aka yi ba. Doka ma ta sassauta musu: a 2007 Kotun Ƙoli, a shari'ar Leegin, ta soke hukuncin 1911 da ya haramta wa kamfani ƙayyade wa dila farashi kai tsaye. Jihar Maryland ta mayar da haramcin a 2009, a Tarayyar Turai kuwa har yau babban laifi ne. Wannan na cikin dalilan da wasu ke odar kaya daga can.

Hujjar kamfanonin ita ce shagon unguwa ba ya rayuwa da kuɗin cika tulun iskar da mai nutso ke goyawa da koyar da ɗalibai, ribar kaya ce ke riƙe da injin da ke cika tulun. Akwai gaskiya a ciki, don intanet ba ta cika maka tulu. Sai dai ni abin da na gani, farashin ba shi ne igiyar ba. Kayan gyara ne.

Regileta tana karɓar iska mai matsin bar 200 daga tulu ta sauke ta zuwa wajen 10, sannan ta sake sauke ta daidai yadda za ka iya shaƙa kafin ta kai bakinka. In aka buɗe ta a kan tebur, abin da ake canzawa 'yan zobban roba ne, da matata, da wani ɗan mazaunin bawul da bai kai ƙwayar wake ba, duka a leda ɗaya ƙarama. To wannan ledar yawancin manyan kamfanoni ba sa yarda a sayar maka, sai makanikin dila. Garantin kuma sai ka saya wurin dila, ka riƙa kai ta sabis a kan lokaci, shekara ɗaya ko biyu. Na taɓa tsayawa a wani shago, wani ya kawo tasa da ya saya ta bayan fage. Mai shagon ya duba lambarta a kwamfuta, ya turo masa abarsa, ya ce ba garanti, kuɗin gyara kuma cif.

Masu nutso ba su zauna ba. Shekarun baya LeisurePro, wata mai sayar da kayan nutso a New York, ta yi suna wajen sayar da kaya da araha da garantinta na kanta. Wasu suna sayen na hannu a eBay. Waɗanda suka gaji da rigimar sun koma kamfanonin HOG da Deep 6, masu sayar da ledar gyaran ga mai kaya, har da kwas na koyon sabis. Ni can na karkata, amma ba na ba sabon shiga shawarar ya kwance abin da yake shaƙar iska da shi a zurfin mita 30.

Kai da ka ce gida za ka koma baɗi, fara binciken wanda zai yi maka sabis a can, sannan ka zaɓi kamfani. In daga Turai za ka yi oda, duba bakinta da ake haɗawa da tulu, galibi irin da ake kira DIN ne mai zare, tulunan haya na nan kuwa yawanci na maƙalawa ne, sai ka nemi adafta. In a shago ne, kada ka tsaya kan kuɗin da ke jikin takarda. Talla aka hana shi, ba lallai ciniki ba. Ka haɗa regileta da rigar iska da kwamfutar hannu ka taya gaba ɗaya, ko ka ce ya sa maka sabis na farko da cikon tulu kyauta. Nan ne yake da ikon cewa na sallama.