Juyen baƙin man janaretan motar gida

Jiya da za mu tashi ka tambaye ni game da motar gidan nan, wato irin motar da ke da ɗakin zama da kwana a cikinta: "Oga, mun riga mun yi wa injin motar gidan nan juye. Mai ita ya ce janaretan da ke jikinta da ƙyar ya yi awa talatin a shekarar nan, man ma bai yi baƙi ba. Shi ma sai mun juye?" Sai mun juye, yarona.

Janareta ba ruwansa da kilomita. Motar tana tsaye cik, shi yana can ƙarƙashin ɗakin yana ɗauke da na'urar sanyi da firji. Shi ya sa aka yi masa agogon awa nasa na kansa, kuma shi za ka fara dubawa. Ɗauki janareta samfurin Onan 4000 mai shan fetur, wanda za ka fi cin karo da shi: sabo, bayan awa 20 ake juyen farko, don a fitar da ɓarɓashin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Daga nan duk awa 150, ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. Wannan na shekarar shi ne amsar tambayarka. Injin da ake tayarwa jefi-jefi, minti goma a kashe, ba ya yin zafin da zai kori raɓar da ke taruwa a cikinsa, ga fetur da ke silalewa ta gefen ringin fistin yana tsinka man. A ido man fes yake, amma shinshina gejin, wato tsinken auna mai, ka ji.

Kuma ka tuna mansa duka lita 1.5 ne, ba shi da filtar mai, iska ce ke sanyaya shi, yana juyi 3,600 a minti. Yi lissafi: a awa 150 ya juya fiye da sau miliyan 32 da wannan ɗan man. Manyan yayyensa, 5500 da 7000, su suna da filta, tare da mai ake canza ta. Na dizal kuwa lissafinsu daban, buɗe littafinsu.

To, aikin. Ka tsayar da motar a wuri miƙaƙƙe, a fili, don hayaƙin salansa yana kashe mutum ba tare da ya ji warinsa ba. Tayar da janaretan ya yi kamar minti goma, man ya yi ɗumi ya tsinke, dattin da ya kwanta ya taso. Kashe shi, ka cire kan batir na negatif. Kada ka tsallake wannan. Wasu motocin suna da na'urar da ke tayar da janareta da kanta idan batir ya yi sanyi, ba ta san hannunka na ciki ba. Murfin mai kuma ba a buɗe shi inji na aiki, zai feso maka mai zafi a fuska.

Sa kwano a ƙasa, buɗe murfin sama don iska ta shiga, sannan ka kwance notin juye. Bar shi ya tsane har ɗigo ya yanke, gaggawar me kake yi? Wajen mayar da notin fara da hannu kafin sifana ta taɓa shi. Jikin alminiyum ne, idan ka cinye zaren, aikin rabin awa ya koma na kwana biyu. Idan mai filta ne, shafa sabon mai a robar bakinta, ka tabbata tsohuwar robar ba ta maƙale a jikin injin ba, ka ɗaure da hannu.

Inda na fi ganin yara suna ɓata aiki shi ne wajen zubawa. A wurinsu yawan mai gata ne. Ni ma na yi hakan ina kamarka, na cika shi har wuya, inji ya dinga zafi yana hayaƙi, filtar iska ta jiƙe sharkaf. Mai idan ya wuce layi kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe. Zuba lita ɗaya da ɗan kaɗan da mazurari, dakata, goge geji, murɗa murfin har ƙarshe, sake cirewa ka karanta, ka ƙarasa da kaɗan-kaɗan. Wajen zaɓen kaurin mai, mai lamba SAE 30 ya yi a lokacin zafi, amma motar da ke yawo tsakanin zafi da sanyi 15W-40 na fi so mata.

Mayar da kan batir, tayar da shi, leƙa ƙasa ko akwai yoyo, kashe, jira minti biyu ka sake duba geji. Idan ya ƙi tashi, kafin ka zargi aikinka dubi tankin motar. Yawancinsu an yi bututun janareta gajere da gangan, da fetur ya sauka kusan kwatan tanki yake daina ja, don kada ya shanye man da za a koma gida da shi.

Tsohon man zuba shi a galan ka rufe, a kai inda ake karɓarsa, kada ya ga kwata. Rubuta awar agogo da kwanan wata a cikin murfin janaretan. Idan mai motar ya zo, ka gaya masa ya riƙa tayar da shi duk wata na awa biyu, da na'urar sanyi a kunne don ya ɗauki kaya.