Tambaya da Amsa: Me Ke Rubuce a Takardar Aikin Rage Tumbi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu da suka wuce an yi wa mahaifiyata aikin rage tumbi a Indiya saboda ƙiba da ciwon suga. Takardar da aka ba mu cike take da kalmomin likitoci: "Roux-en-Y", "pouch 30 ml", "Roux limb 120 cm", "BP limb 75 cm", "gastrojejunostomy", "Petersen's defect closed", "leak test negative". Wannan ta ƙarshen ce ta fi ɗaga mana hankali. Don Allah a warware mana. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ku kwantar da hankalinku, abin da ya tsorata ku albishir ne. Kafin a rufe ciki, likita kan tura shuɗin ruwa ko iska ta bututu zuwa sabon tumbin, ya duba ko ɗinkin zai yi yoyo. Rubuta "negative" na nufin ba a ga yoyo ba.

Sunan "Roux-en-Y" ya fito ne daga César Roux, likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, da kuma siffar harafin Y da hanji ke ɗauka bayan aikin. Ana yanke saman tumbi a yi 'yar jaka, ita ce "pouch". Mililita 30 cokalin cin abinci biyu ne kacal, shi ya sa loma kaɗan ke ƙosar da ita. Sauran tumbin ba a cire shi ba. Yana nan yana fitar da ruwansa, sai dai abinci ya daina bi ta cikinsa.

Daga nan sai a raba ƙaramin hanji gida biyu. Ɓangaren ƙasa a ɗago shi a ɗinke da jakar, wannan mahaɗa ita ce "gastrojejunostomy": "gastro" tumbi, "jejuno" tsakiyar ƙaramin hanji, "stomy" buɗe ƙofa tsakanin biyu. Reshen da aka ɗago shi ne "Roux limb", hanyar abinci. Yawanci tsawonsa santimita 75 zuwa 150 ne, don haka 120 na Hajiya daidai yake. Ɗaya reshen, "BP limb", ba ya ɗaukar abinci ko kaɗan, ruwan matsarmama da na fankiriyas (gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci) da na tsohon tumbi kawai ke bi ta nan. Sai a ƙasa rassan biyu suke haɗuwa, kuma daga nan ne narkewar abinci sosai ke farawa. Muna ba wa waɗannan lambobi muhimmanci ƙwarai, domin gwargwadon tsawon hanjin da abinci ya tsallake, gwargwadon yadda jiki zai gaza tsotse sinadarai.

Layin da mutane suka fi tsallakewa shi ne "Petersen's defect closed", alhali a ganinmu yana cikin mafi amfani a takardar. Idan aka sauya wa hanji wuri, akan bar kafofi a tantanin da ke riƙe shi, ɗaya daga cikinsu ita ce "Petersen's defect". Likitan ya rubuta cewa ya ɗinke kafar, kuma hakan ya rage haɗari sosai. Amma bayan shekara ɗaya ko biyu, idan kitsen wurin ya zube, ɗinkin na iya sakewa, hanji ya kutsa ya murɗe, jini ya daina isa gare shi. Alamarsa ciwon ciki mai murɗa bayan cin abinci, wani lokaci da amai. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na jira a ga gobe ba. A je asibitin da ke da likitan tiyata da na'urar hoton CT, a riƙe takardar nan a hannu.

A yanzu da take wata biyu, abin da ya fi dacewa ku sa wa ido shi ne tsukewar mahaɗa. Idan abincin da take ci lafiya ya fara tsaya mata tana amayar da shi, wataƙila tabon ɗinki ne ya matse ƙofar. Ana buɗe ta da 'yar balan-balan ta bututun kyamara, ba sai an sake yanka ba. Kada a bar amai ya yi makonni, domin bitamin B1 na ƙarewa da sauri, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Sai gyambo a bakin mahaɗar. Manyan masu jawo shi su ne taba da magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis ba takardar likita, har da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda. Hajiya ta rabu da su har abada. Paracetamol ya halatta mata.

Lemon kwalba, shayi mai suga da yawa, ko kunu mai zaƙi na iya zubowa hanji gaba ɗaya, cikin minti 10 zuwa 30 ta ji jiri da zufa da bugun zuciya da gudawa. Wani lokaci kuma bayan awa 1 zuwa 3 suga ya faɗi warwas. Ta bar tazarar minti 30 tsakanin ci da sha. Maganin sugarta ma dole likita ya sake duba shi, don tsohon adadin na iya yi mata yawa yanzu.

Ƙarin sinadarai na tsawon rai ne: haɗin bitamin kullum, sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, B12, bitamin D, da kalsiyam nau'in sitiret miligiram 1200 zuwa 1500 a rana, a rarrabe. Kalsiyam da ƙarfe ba a shan su tare, a bar awa 2 tsakaninsu. Ta samu furotin giram 60 zuwa 80 a rana daga ƙwai, kifi, wake da nono. Batun azumi kuwa, a watannin farko jakar ba ta iya ɗaukar ruwan da zai ishe ta tsakanin buɗa-baki da sahur, saboda haka ta nemi izinin likitanta tukuna, a kuma yi mata gwajin jini a wata na 3, na 6 da na 12.