Amsa ga ƙanenmu mai neman inda zai yi masta ta koyar da Ingilishi

Ƙanena, ka ce ka gama lisans ta Ingilishi a jami'ar André Salifou ta Damagaram, kana koyarwa da kwantiragi a CEG (ƙaramar sakandare), kana tambaya ko ka tsallaka Najeriya ka yi masta, ko ka nufi Yamai, ko ka biya waɗannan na intanet masu talla. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, don nan na taɓa tsayawa, ban sami mai gaya mini gaskiya ba.

Kafin ka tambayi kuɗin rajista, tambayi wa zai duba memuwar ɗinka (kundin binciken kammala karatu), kuma ɗalibai nawa ke hannunsa. Nemi waɗanda suka riga ka shiga, ka ji yaushe suka yi sutnans, wato kare memuwar gaban malamai, in ma sun yi. Ni inda na je, ba zan kama suna ba, an haɗa ni da wani malami da har yau in na tuna shi raina ɓaci yake. Da ɗan abin da ake ba mu na kwantiragi na buga babi na biyu, na roƙi abokin aiki ya riƙe mini azuzuwana, na hau mota. Tun hantsi nake kan benci a ƙofar ofishinsa har aka kira la'asar. Ya fito, ya karɓa ko kallona bai yi ba, ya ce in dawo bayan Salla. Bayan Salla na koma, sai ga takarduna a kan teburinsa ƙarƙashin kofin shayi, tabon kofin ya zauna daram a kan sunana, ko shafin farko ba a ɗaga ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ne wa?" Ƙanena, awakinta mahaifiyata ta sayar don karatun nan. Da wane baki zan gaya mata? A hanyar dawowa na juya fuska ga taga don kada na kusa da ni ya ga hawayena. Ni dai na bar shi da Allah.

To, batun darussan kuma. Yaron Kano ko Zariya da Ingilishi ake koya masa lissafi, yana ganinsa a allunan titi. Namu na unguwar Birni ko Garin Malam a Damagaram sai ya shiga siziyam, ajin farko na CEG, yake fara jin sa, bayan Hausa a gida da Faransanci a aji, kuma in aka tashi daga darasi shi ke nan sai wani lokacin. Ka ga ba aiki ɗaya ba ne. Don haka ka sa su ba ka jerin kwasa-kwasan a rubuce. In ka ga adabi ne da nazarin harshe daga farko har ƙarshe, ilimi ne mai kyau, amma ba zai nuna maka yadda za ka sa yara su buɗe baki ba alhali huɗu ne a benci ɗaya, littafi ɗaya a tsakaninsu, jarrabawar BEPC ta kammala CEG na tafe. Akwai fita aji na gaske, wani ya zauna a baya yana kallonka, daga baya ya gyara maka? Ko CELTA ta Cambridge, wadda ɗan gajeren kwas ce na awa 120, ba masta ba, sai ka koyar awa 6 ana duba ka. Masta ta shekara 2 da ba ta da ko wannan, ni ba na ganin girmanta.

Sai takarda. A ɓangarenmu ka bincika ko CAMES ta Wagadugu, hukumar da ke tantance difilomomin jami'o'i, ta amince da difilomar, a Najeriya kuma NUC, hukumar kula da jami'o'insu. Ka je ka tambayi batun ekibalans, wato ko za a amince da difilomar a nan gida, tun kafin ka biya ko dala, musamman waɗannan na intanet. In burinka aikin gwamnati ne a lise, kada ka raina ENS, makarantar horar da malamai ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da CAPES ɗinta, takardar shaidar koyarwa a sakandare.

Ba cewa nake kada ka je Najeriya ba, akwai malamai na Allah a can, kuma kunnenka zai sha Ingilishi. Amma ka tuna yajin aikin malaman jami'o'insu na 2022 wata 8 ya ɗauka, ka tuna iyaka da aka rufe a 2023 sai Maris 2024 aka buɗe. Mai iyali ya lissafa wannan.

Abin da ke ƙona mini rai ma, tun 2025 an sa Ingilishi cikin harsunan aiki na ƙasa tare da Faransanci, amma je ka duba ɗakin malaman Ingilishi a makarantunmu, ko ƙamus mai cikakkun shafuka da ƙyar ka samu. Mu ne dai ke sayen alli da aljihunmu wani lokaci.

In sun ba ka jerin kwasa-kwasan, turo mini ta akwatin sirri mu duba tare. Kuma don Allah kada ka ajiye kwantiraginka sai takardar shiga ta zo hannunka.