Tambaya da Amsa: Ina Motsa Jiki, Karena Yana Hawa Bayana

Wasiƙu huɗu na ware wa wannan fitowar, duk a kan abu ɗaya: mai gida yana motsa jiki a cikin ɗaki, kare yana gefensa, ko ma a kansa. Na rage tsawon wasu saboda wuri.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wata uku ke nan ina motsa jiki a falo kafin in tafi ofis: firesof, tsuguna-tashi, tsallen igiya, sai ɗaga ƙananan ƙarafa masu kilo 5. Matsalata karena ne, shekararsa biyu. Da na shimfiɗa tabarma na kifa ciki sai ya haye bayana, ya lashe mini kunne, ya cafke igiyar tsalle ya ruga da ita. In na rufe shi a waje ya yi ta haushi har maƙwabta su yi magana. Na daka masa tsawa, na ture shi, kamar ma zuga shi nake yi. Yaya zan yi?
Daga wani ma'aikacin banki

AMSA: Ɗan'uwa, cire "kamar" ɗin, zuga shi kake yi. Duk yini yana ganinka a tsaye, fuskarka can sama inda ba ya kaiwa. Kwatsam ka sauko ƙasa, ka dafa hannu biyu, ƙirjinka yana sauka yana tashi, kana haki. A wurin karnuka, in ɗaya ya kwantar da ƙafafun gaba da ƙirji a ƙasa ya ɗaga baya, cewa yake "zo mu yi wasa". Kai kuwa sau ashirin a jere kake aika masa da wannan gayyata. Ya amsa, ka ture shi da hannu, kokawa ta fara ke nan. Ka yi tsawa, a kunnensa kai ma haushi kake taya shi.

Nawa karen, Duna, haka ya riƙa yi mini yana ɗan shekara ɗaya da rabi, kuma kilo 28 a gadon baya ba abin dariya ba ne ga mai ciwon ƙugu irina. Sai daga baya na lura cewa ni kaɗai nake motsa jiki. Shi ya kwana a kwance, ya tashi ƙarfinsa a cike, na ce ya zauna ya yi kallo. Na juya tsarin, nasa ya riga nawa. Mukan fita na minti 20 zuwa 25, in bar shi ya shinshina duk abin da ya ga dama, mu dawo ya sha ruwa, sannan in shimfiɗa tabarma. Rabin rigimar a nan ta mutu.

Sauran rabin wani tsohon tawul ne ya kashe shi. Na shimfiɗa shi kamar taku uku daga tabarmata, ya zama wurin Duna. Ba a lokacin motsa jiki na koya masa ba, da yamma ne, minti biyar-biyar, hankalina da nasa a kwance. In ya kwanta a kan tawul, in ba shi ɗan abin taɓawa da na ɗiba daga cikin rabonsa na ranar. Da ya gane, sai na fara durƙusawa a gabansa. Ya zauna, ya samu. Na yi firesof ɗaya tak. Ya zauna, ya samu. Daga ɗaya zuwa uku, daga uku zuwa goma. In kuwa ya taso ya hau ni, sai in miƙe tsaye, in harɗe hannu, in kau da kai, ko tari ba na yi. Wasa ya tsaya cak. Kusan mako uku muka yi a haka. Har yau, da na naɗe tabarma, nakan ɗauko igiyarsa mu yi ja-in-ja na minti biyar, don haka yanzu naɗe tabarmar yake jira, ba kifa cikina ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya fi damuna. Ƙarfe mai kilo 5 in ya suɓuce ya faɗa kan ƙafar kare, ƙananan ƙasusuwan wurin ba za su ɗauka ba, don haka kada ka ɗaga komai yana ƙarƙashinka. Sai igiya da robar nan mai talewa da ake ja da hannu. Duna ya taɓa haɗiye guntun tawa, tsawon ɗan yatsa, ya kwana biyu yana amai. Allah ya taimake mu ta fita da kanta, amma likitan dabbobi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ban manta ba: dogon abu irin zare ko roba, in kansa ɗaya ya maƙale, hanji yakan tattare a jikinsa kamar yadda wando ke tattarewa a jikin mazagi, har ya yanka hanjin. In ka ga ƙarshen zare yana leƙowa ta bayansa, kada ka ja, kai shi asibitin dabbobi. Tun daga ranar kayana a cikin akwati mai murfi suke kwana.

Kuma tunda naka mai lasa ne, kula da abin da kake shafawa. Man ciwon jiki mai diclofenac ko ibuprofen yana iya jawo wa kare gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Haka garin ƙarin kuzari mai kafeyin da wasu ke kaɗawa kafin ɗaga ƙarfe, da cingam ko alewar da aka zaƙaƙa da xylitol, wanda ke faɗar da sukarin jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci. A jakar motsa jiki da aka yar a ƙasa ake yawan samun su.

TAMBAYA: Malam, ina da injin gudu a gida. Aikin dare nake yi, ba kullum nake samun fita da karyata ba. Na ga bidiyo a intanet karnuka suna tafiya a kan injin. Zan iya ɗaure ta a kai na rabin awa, ni kuma in yi nawa motsa jikin a gefe?
Daga wata ma'aikaciyar jinya

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kalmar "ɗaure" ɗin nan ce ta tayar mini da hankali. Ba a haɗa gudu da susar katara. Kare da aka ɗaure a injin da ke tafiya, in ya yi tuntuɓe ko ya gaji, bel ɗin da yake takawa ba zai tsaya ba, igiyar kuma a wuyansa take. Ke kina can kina ƙirga tsuguna-tashi, kafin ki juyo an yi ɓarna.

Injin nan ba abin wasa ba ne ko da ba a hau shi ba. A watan Afrilun 2021 hukumar kula da amincin kayayyaki ta Amurka ta yi gargaɗi a kan injin Tread+ na kamfanin Peloton, bayan rahotannin yara da dabbar gida da bel ya ja zuwa ƙarƙashinsa, har yaro ɗaya ya rasu. A watan Mayu kamfanin ya janye kimanin guda 125,000. Saboda haka ko ke ce a kai, karyar ta kasance a wani ɗakin, in kin gama ki zare makullin ki cire waya daga soket.

Gaskiya ne ana koya wa kare tafiya a kan inji, har likitocin dabbobi suna da wanda ake cika shi da ruwa don masu farfaɗowa daga tiyata. In kin nace, to da sharaɗi: igiya a hannunki, idonki a kanta, gudu mafi ƙanƙanta, minti biyu ko uku a farko, kuma bel ɗin ya fi ta tsawo sosai, don babban kare a kan gajeren bel yakan tsuke takunsa. Kin ga ke nan ba ki samu lokacin da kike nema ba.

A ganina ma inji ƙafa kawai yake gajiyarwa. Kare da hanci yake karanta duniya, fita waje ita ce jaridarsa, kan bel kuwa babu abin karantawa. Minti 15 kafin ki tafi aiki da minti 15 in kin dawo, tana shinshine-shinshine, sun fi mata rabin awar inji. Ranar da fita ta gagara, raba abincinta gida biyar ki ɓoye a lungunan gida, ki bar ta ta nemo. Za ki sha mamakin yadda hakan ke kwantar da ita. Ke ma akwai rabonki a fitar: a 2019 masu bincike na Jami'ar Libaful a Ingila sun gano cewa damar mai kare ta cika minti 150 na motsa jiki a mako ta ninka ta wanda ba shi da kare kusan sau huɗu. Yawon da karen ke tilasta musu ne ya kawo bambancin. In kika miƙa wa inji wannan aikin, kin miƙa masa ribar har da taki.

TAMBAYA: Yaya, ɗan kwikwiyona Jaman shefad ne, watansa biyar. Nakan yi gudu a matakalar bene sau goma kowace safiya, shi ma yana bi na yana murna. Ba matsala ko?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ƙanena, akwai. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan kwikwiyo akwai guringuntsi mai taushi, ta nan ƙashi ke ƙara tsawo, kuma a manyan karnuka ba ya gama ƙwari sai sun kai wata 12 zuwa 18. Saukowa bene da gudu bugu ne a kan wannan wurin, ga shi irin naka dama an san su da matsalar ƙugu da gwiwar ƙafar gaba. Murnarsa ba hujja ba ce, kwikwiyo zai bi ka har ya faɗi. Rufe shi a ƙasa in za ka hau, ka bar shi ya yi wasansa a fili mai laushi, ya tsaya lokacin da ya ga dama. In ya girma kuma, ka riƙa barin aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da guje-guje, domin karnuka masu zurfin ƙirji irinsa cikinsu yakan kumbura ya murɗe, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i.

TAMBAYA: Malam, ni da karena duk mun yi ƙiba. Ni shekarata 61, shi Labrado ne ɗan shekara takwas. Likita ya ce in rage nauyi. Na sayi keken motsa jiki na cikin ɗaki, ina tuƙawa yana kwance a gefe yana kallona. Ina so in fara gudu da shi da rana don mu yi gumi tare mu zube da sauri. Me ka gani?
Daga wani ɗan fansho

AMSA: Baba, ranka ya daɗe, gumin nan kai kaɗai za ka yi shi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na yau da kullum tsakanin digiri 38 da 39 ne, in ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari, kuma tsoho mai ƙiba shi ne kan gaba wajen kamuwa. Gudu da rana a bar shi. Da sassafe ko bayan faɗuwar rana za ku fita, kuma ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta na daƙiƙa biyar tukuna. In kai ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. In kuna tafe ka ga harshe ya zubo sosai, yawu yana dalala, yana tangaɗi ko yana neman kwanciya, kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi, ka nufi likitan dabbobi.

Kekenka kuwa kada ka yar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a ciki. Keken ya ɗauki wani kaso, tafiya da kare ta ɗauki wani. Fara da minti 10 safe da yamma, ka ƙara biyar duk mako in gwiwoyinku ba su yi ƙorafi ba. Jiki magayi ne, naka zai faɗa maka da baki, nasa sai ka lura: ɗingishi, ko jinkirin tashi washegari.

Amma in faɗa maka gaskiya, ƙibarsa a kwano take, ba a ƙafa ba. Akwai wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2002, a kan Labrado 48 da aka bi su tun suna kwikwiyo har ƙarshen rayuwarsu. An haɗa su biyu-biyu 'yan uwa ɗaya, ana ba ɗaya abincin da ya gaza na ɗan'uwansa da kashi 25 cikin ɗari. Waɗanda aka rage wa, matsakaicin tsawon ransu ya kai shekara 13, sauran kuwa shekara 11 da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓoɓi ya yi jinkirin kama marasa ƙibar. Kusan shekara biyu ke nan a rayuwar dabbar da ba ta cika wuce sha uku ba. Labrado kuwa ba ya taɓa nuna ya ƙoshi, zai zuba maka ido kamar ya kwana uku bai ci ba, kuma ina zargin a nan ne ake cin galabarka, Baba.

Shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu. In sai ka danna kafin ka ji haƙarƙari, kitse ya yi yawa. In ka dube shi daga sama, ya kamata ka ga ya ɗan tsuke a bayan haƙarƙarin. Kafin ku fara komai, kai shi a duba zuciyarsa da gaɓoɓinsa a auna nauyinsa, likita ya yanka maka adadin abincin yini. Da ma'auni za ka riƙa auna shi, ba da ido ba, duk wani ɗan abin taɓawa kuma daga cikin wannan adadin zai fito. Ragin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a mako ya isa, wato in kilo 40 ne, abin da bai wuce gram 400 zuwa 800 ba. Ka samu ɗan littafi ka raba shafi biyu, gefe ɗaya nauyinka, gefe ɗaya nasa, duk mako biyu ku hau sikeli. Bayan wata uku ka aiko mini da shafin in gani.